Bindigar Wilf

A Skipton, wata Asabar mai yayyafi,
Enid Ackroyd ta shimfiɗa tsohon bargo a teburin kicin,
ta kwantar da ita a kai, a hankali, kamar jinjiri.
Ta sa tabarau, ta bi lasisina layi-layi.
"Shekara talatin da ɗaya," in ji ta,
"Wilf bai kashe ko ɓera da ita ba."

Ni ba na cinikin biri a sama.
Na zare sakata, na ɗaga hancin wajen taga,
na leƙa ciki kamar mai duban wata
a daren ashirin da tara.
Haske ya murɗo, zare bisa zare,
ba tsatsa, ba kumburi, ba inda ƙarfe ya ci ƙarfe.
Na shafa bakin da ɗan yatsa: sumul.
Kunama kuwa, ko numfashi ka yi da ƙarfi
sai ta amsa.

A jikin ƙota ne na tsaya.
Akwai wani gurbi da fenti ya koɗe,
faɗin tafin hannun yaro,
inda kuncin mutum ɗaya ya kwana ya tashi
har katako ya san shi.

Fam ɗari huɗu da hamsin.
Ni da na girma a bakin kasuwar Talata Mafara,
inda ko allura sai an taya, an ce albarka,
na buɗe baki zan rage,
sai na hangi takalmansa a bayan ƙofa,
har yanzu da busasshen taɓo.
Na ƙirga, na miƙa.

Da kakana Jatau zai leƙo daga kushewa
da ya yi dariya har haƙoran goronsa sun bayyana.
Shi mai harba-ka-ruga ne,
warin albarushi bai bar rigarsa ba har ya koma,
harbi ɗaya, unguwa ta kwana da romon gwanki.
Ga jikansa a ƙasar sanyi, kwance rub da ciki,
yana biyan kuɗi don ya huda kwali.

Yanzu tana kwana a akwatin ƙarfe
da aka ɗaure da bango.
'Yar sanda ta zo ta girgiza shi da hannu biyu,
ta ce ya yi. Harsashi ɗakinsa daban.
Amma ɓarawon garin nan ba ya bin ƙofa:
danshi ne, mai shiga ba sallama.
Don haka duk daren Lahadi, bayan isha'i,
nakan tura tsumma daga gindi zuwa baki,
ba a komo da shi baya,
na farko baƙi, na uku toka-toka,
na biyar fari kamar alawayyo.
Ɗigon mai ɗaya a sakata. Ɗaya tak.
Yawan mai ma ɓata miya yake.

Ranar farko a fili, mita hamsin,
duk hujina sun karkata hagu
kamar awakin da suka ga dusa.
Tsoho Desmond ya dube ni, ya dubi ƙota:
"Wuyanka ya fi na Wilf tsawo.
Laifin ba nata ba ne, ba naka ba,
ba ku saba ba ne kawai."

Na ƙara fata a kafaɗa, na juya saiti ƙis, ƙis, ƙis.
Na koyi jiran tsakanin bugun zuciya biyu,
wurin nan shiru, inda babu Ingila, babu gida,
sai baƙin ɗigo da ni.

Gurbin kuncinsa ban goge ba.
Nawa ya fara fitowa, yatsa guda a bayansa.

Jiya na aika wa Enid kwali ɗaya ta gidan waya,
huji biyar da kwabo zai rufe.
Ban rubuta komai ba. Ta iya karatunsa.