Shafi na Biyu

Sati uku ina cin jikinta da samfefa,
har yatsuna suka manta zanensu.
Pijon Kawu Tsahiru ce, ta girme ni.
Na rage mata tsayi, na ɗauko mata inji daga Jibiya,
saura launi.

Na rataya ledoji a garejinmu na Bagalam,
na yayyafa wa ƙasa ruwa,
na liƙe gilasai da tsofaffin jaridu.
Kore na haɗa, irin na ganyen rogo
a bakin Gulbi.

Shafin farko ya kwanta lafiya.
Ana tsakar na biyu aka ɗauke wuta,
kwamfreso ya yi tari, ya mutu.
Na zauna kan gwangwani cikin duhu,
warin tina na sara mini kai.

Da wuta ta dawo,
ga shatin ɗan yatsa kan murfin inji,
ƙarami, raɗau kamar na ranar zaɓe.
Cima na bayan ƙofa, hannu a baya.

Lawali ya ce, "Goge, minti goma ne."
Na dubi nawa yatsun, sumul.
Na ɗauki bindigar feshi,
na rufe shi da ruwan ƙyalli,
ya zauna.