Jar Akuya Ta Biyu

Wata bakwai na yi ina gina wasan
a soron gidanmu, Mabera, in an ɗauke wuta,
kwamfuta bisa tabarma, zufa na ɗiga kan madannai.
Ba wani abu ba ne: jar akuya ce ke tsallake kwata,
tana kauce wa 'yan kabu-kabu har ta kai gadar Rima.
Na ɗora shi a dandalin ƙananan maƙera wasa, kyauta.
Mutum ɗari biyu da sha ɗaya suka sauke.
Na ƙirga su kamar mai ƙirgar kaji da magariba.

Sai ga wata akuya, ja kamar tawa,
har tabon da na zana mata a wuya.
An rubuta a ƙasanta: wagga ba ta mutuwa, rai dubu gare ta.

Lawwali, ɗan shekara goma, ya ɗauki wayar Inna Kulu
mai tuyar masa a bakin Tsohuwar Kasuwa.
Akuyar ta ce: ba ni izinin karanta saƙonni.
Ya ba ta.
Ta ce: ba ni sunayen mutanenku.
Ya ba ta.
Mi akuya za ta yi da saƙon banki?
Yaro bai tambaya ba. Rai dubu yake so.

Da asuba asusun Kulu ya koma tanda bayan tashin kasuwa.
Kuɗin shinkafa, kuɗin mai, zubin adashen Laraba.
Ta zo ƙofarmu, ba ta ɗaga murya ba.
"Modi," ta ce, "an ce akuyarka ce."
Na buɗe baki in ce ba tawa ba ce,
sai na tuna tabon wuyan.

Na kai ƙara ga masu tsaron dandalin,
hoto bayan hoto, da Turancin da bai wuce gwiwa ba.
Kwana tara kafin su kore ta.
Ran na goma ta dawo da sabon suna,
ta rina gashinta fari.

Yanzu ina da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi,
ba layi, ba asusu, ba sunan kowa a cikinta.
Ita ke ɗanɗana kowane sabon wasa
kafin yaran layinmu su kai baki.
Wanda ya nemi abin da ba ruwan wasa da shi,
in rubuta sunansa, in tura ga masu tsaro,
in sake rubutawa da alli a ƙyauren shagon caji.

Kuɗin Kulu ba su dawo ba.
Ina sayen masar ɗari biyar kullum, ko ba na jin yunwa.

Jiya Lawwali ya miƙo mini waya, yatsansa a sama, bai taɓa ba.
"Wanga tseren mota ne," ya ce,
"mi ya sa yake son ganin hotunan Inna?"