Kafa ta Bakwai

A Tartu, Oktoba na tattara komatsanta,
rana ta koyi rowa, ta leƙo ta janye.
Endel ya kunna kyandir da tsakar rana
yana bin tagogin gidan katako ɗaya-ɗaya.
Duk inda harshen wutar ya rusuna,
nan ɓarawo ke shigowa.

Bakwai ya ƙirga.
Bara Salme ce mai ƙirgawa,
shi nasa riƙe kujera kada ta faɗo.

Ya cusa auduga da bakin wuƙa a kowace tsaguwa,
ya yanka tsohuwar jarida siri-siri,
ya shafa mata jiƙaƙƙen sabulu, ya manna.
Farashin dankali da sunayen mamata
duk sun zama garkuwa.
Doguwar safar ulu kuwa
ya ɗura mata yashi har wuya,
ta kwanta a dokin ƙofa kamar tsohon kare.

A bakin taga ga gadon da aka bar masa:
moda mai tsayuwar soja,
zabuwa mai ƙaya a gefen ganye,
da wata mai sako 'ya'yanta a igiya
wadda bai taɓa riƙe sunanta ba.
Salme takan ce su ne huhun gida,
su sha hayaƙin murhu, su mayar da iska wankakkiya.
'Yarsu Piret, malamar asibiti, ta yi dariya a waya:
"Baba, sai ka shigo da daji ɗaki kafin ka ji bambanci."
Ya ce to.
Ya ajiye waya, ya jiƙa tsumma,
ya goge ganyen moda ciki da bai
kamar mai wanke wa jika fuska.

Nuwamba ta iso da ƙanƙara a haƙoranta,
ta zagaya gidan sau uku, ba ta ga hanya ba.
Itacen murhu ya yi auki.
Endel ya yi murmushin wanda ya ci kasuwa.

Kwana tara, gilashi ya fara hawaye.
Baƙin tabo ya tsiro a bayan kabad,
warin miyar kabeji ya kwana, ya wuni, ya sake kwana,
kansa ya yi nauyin dutsen niƙa.
Zabuwa ta saki jiki tun daga gindi,
don safe da yamma yana shayar da ita,
kulawa ta yi yawa, saiwa ta ruɓe.

Leida ta gidan sama ta kawo baƙin burodi,
ta tsaya a ƙofa, ta shaƙa, ta yamutsa fuska.
"Wannan gida ne ko tulu?
Garin korar sanyi ka kori numfashi.
Shida marigayiya ke liƙewa.
Ƙaramar tagar can ta sama ba ta taɓa taɓa ta ba.
Shekara arba'in da ɗaya, ba ka lura ba?"

Bai lura ba.
Shi idonsa na kan ƙafafun kujera.

Ya fara kwashe tukwanen zuwa tebur
kada ɗari ya mari ganye,
sannan ya hau, gwiwa na ƙara,
Leida ta riƙe kujerar da hannu biyu.
Ya sa farce ya ɓanɓare jarida.
Iska ta faɗo kamar ruwan randa a maƙogwaro,
da ƙamshin kogi da hayaƙin gidan wani.

Yanzu minti goma da safe, goma kafin barci,
yana tsaye da hula a tsakar ɗakinsa
yana kallon agogo.
Zabuwa ba ta tashi ba.
Amma a gefen gindinta ya tsinci ɗan tsiro,
bai kai ɗan yatsa ba,
ya dasa shi a kofin shayin Salme, mai karyayyen hannu,
yana kuma koyon abu mafi wuya:
ya wuce shi da buta a hannu
bai zuba ba.