Mai Gyaran Agogo da Ƙanensa

Sallau ya sauka a Kwangila da asalatu,
ƙafafu a kumbure saboda zaman motar dare.
Shekara shida ke nan da Ikko ta are mana shi,
ta dawo da shi da tumbi, da furfura uku a gemu,
da wani saurin tafiya da ban san shi da shi ba.
Ƙanena ne. Ni na koya masa zura zariyar wando.

Da hantsi ya zo rumfata a Sabon Gari,
ya ƙirga agogo tara a rataye, babu mai zuwa karɓa.
Ya ce, "Yaya, a can Agege,
abin da kake samu daga Juma'a zuwa Juma'a
kafin azahar nake haɗa shi."
Na ce to.
Na ci gaba da laluben wata 'yar ƙusa
da ta faɗi tsakanin yatsun ƙafata.

Ban musa masa ba. Da me zan musa?
Wuta ta kwana huɗu ba ta leƙo Tudun Wada ba.
Famfonmu tun sunan Ladidi yake tari bai tofar ba,
Ladidi kuwa tana aji uku.
Mai ga-ruwa ya fi surukina sanin hanyar gidana.

Amma da la'asar na shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro,
ya yi barci irin na wanda ake bi bashin barci,
baki buɗe, kaza na tsallake ƙafarsa.
Da ya farka sai bakinsa ya kwance:
su shida a ɗaki, haya ta shekara a dunƙule,
ƙarfe huɗu na dare yana bakin titi yana kokawar mota,
in an yi ruwa kwata kan shigo ta gaishe su har gado.
Tumatirin da ake tsinka nan bakin Galma,
wanda maƙwabci kan ce ɗebi, kada ya ruɓe,
can guda huɗu ake jera masa a faranti
kamar ƙwan zabo.

Na so in yi dariyar nasara. Sai na tuna Shika.
Daren da Inna ke kwance, aka ce a kawo jini leda biyu,
aljihuna babu ko kuɗin acaɓa.
Wayata ta yi ƙara, kuɗin Sallau suka shigo daga Ikko.
Shi ya biya, ni na riƙe hannunta.
Ta cika ana kiran assalatu,
ya iso bayan an share makoki, ƙasar kabarin ta bushe.
Har yau ban san wanda aka fi cuta a cikinmu ba.

Jiya da dare ɗana Mudi ya tsuguna a bakin ƙofa.
Takardar diflomarsa ta shekara biyu ƙarƙashin katifa
tana koyon kwanciya.
Bai ɗaga ido ba. Ya ce, "Baba, in Baffa zai koma..."
Bai ƙarasa ba, ban tilasta shi ba.

Yau na ɗauko agogo ɗaya cikin taran,
wanda mai shi ya rasu bai karɓa ba, magada suka ce in riƙe.
Na wanke cikinsa, na sa masa mai, na saita shi da kiran azahar,
na ɗaura wa yaron a hannu.
Na ce, "Lokacinmu ɗaya da na can, ba sai ka juya shi ba.
In ka ga biyar ta yi,
ka san inuwar Kufena ta fara miƙe ƙafa,
uwarka kuma ta auna tuwo da kai a ciki,
don hannu ba ya saurin koyon ragi."

Motarsu ta tashi ta bi hanyar Kaduna.
Na dawo rumfa.
Saura takwas.