Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Kwalekwale ya sauke ni a kudancin Khulna da hantsi,
jakata ɗauke da kwalabe arba'in,
na'urar awon jini, da takardun tambaya
waɗanda malamina ya ce kada su jiƙe
ko da ni zan jiƙe.

A ƙauyen nan ruwa ya kewaye kowa
amma ba mai shansa da daɗin rai.
Teku ta daɗe tana satar hanya ta ƙarƙashin ƙasa,
ta shiga rijiya, ta shiga tafki,
ta shiga tukunyar shinkafa ba sallama.

Parul Bala ta shimfiɗa mini tabarma.
Na ɗaura mata ƙyallen awo a damtse,
na matsa, na matsa, allura ta hau
kamar kogi a tsakiyar damina, ta ƙi sauka.
Na rubuta, ban ce uffan ba.
Ta ce, "Fuskarki ta riga ta faɗa, 'yar nan,
rubuta abinki."

Tambaya ta tara: daga ina kike ɗibar ruwan sha?
Gurabe huɗu ne a takarda:
rijiya, tafki, famfo, ruwan sama.
"Da damina, daga sama.
Da rani, tafkin makaranta, tafiyar sa'a da tulu biyu.
In gwiwa ta ƙi, rijiyar bayan ɗaki,
wadda ko akuya sai ta yi shawara."
Na duba gurabena. Babu na ciwon gwiwa.

Tambaya ta sha huɗu: kina ƙara gishiri a girki?
Ta yi dariya har ta riƙe ciki.
"Wa ke sayen abin da ke zuwa gida da ƙafarsa?"
Surukarta Konika na jingine da ƙyaure,
cikin wata bakwai, ƙafafu sun kumbura,
ba ta yi dariya ba.

A ɗakin gwaji na jami'a, inda sanyi ba ya ƙarewa,
Parul ta koma lamba a jikin kwalba:
ɗari biyu da sha bakwai.
Daga nan ta koma ɗigo a kan allo.
Farfesa Dostidar ya ce ɗigo ɗaya labari ne,
sai sun taru suke zama hujja.
Na ji haushinsa. Gaskiya ya faɗa.

Shekara biyu muna tara ɗigo.
Wasu kwalabe sun fashe a hanya,
wata na'ura ta yi mana ƙarya tsawon mako uku,
kuɗin bincike ya tsinke, muka ƙulla.
Ranar da layin ya miƙe, ya nuna sama,
ba wanda ya yi guɗa.
Mun dai zauna muna kallonsa, shayi ya huce.

Takarda ta fita cikin harshen da Parul ba ta ji,
sunana na biyar cikin tara.

Na koma da ita a jaka.
Inda na zauna a tabarma, kogi ne ke kwance.
Na same su a kan madatsa, cikin rumfar kwano,
jaririyar Konika har ta fara tafiya.
Na karanta, na fassara, na nuna layin da yatsa.
Parul ta saurara har ƙarshe.

"Shekara biyu," in ji ta,
"kafin ku san abin da harshena ya sani?"
Na ce, "Harshenki ba ya shiga ofis, Iya.
Takarda na shiga."
Ta juya maganar a baki kamar mai ɗanɗana miya.
Ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba.

Sai ta buɗe randar da take rufewa da ƙyalle biyu,
ruwan saman da ya rage tun bara,
ta cika mini kofi.
Na sha rabi, na miƙa mata, kunya ta kama ni.
Ta tura hannuna baya.
"Shanye," in ji ta,
"ki san abin da kike nema mana."