Haƙora Ashirin da Huɗu

Jar akuyata na sayar a Kara,
na haɗa da kuɗin ɗinkin hula na wata bakwai.
Yau ga su nan duka a kan tabarma,
sun koma kwali biyar da leda mai ƙyalli.

Mabera, ƙarfe biyun rana.
Kwanon rufi na ƙara kamar ana toya shi.
Na tura ƙyaure saboda kaji,
na dafa ƙarfen taga kafin in taɓa komai,
don Malami mai gyara ya ce
wutar da ke jikin mutum
ta isa ta kashe abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Uwar allo na kwance a cikin akwati,
baƙa, da lunguna sirara masu sheƙi.
Ban taɓa hawa jirgi ba,
amma haka nake zaton garinmu daga sama.
Gidan wuta kuwa nauyi gare shi kamar ɗan dutsen niƙa,
wayoyi sun tsiro daga gindinsa
kamar saiwar albasar fadama.

Na kamo babbar.
Haƙora ashirin da huɗu, na ƙirga sau uku.
An ce an sassaƙe bakin ramukan
don kada wawa ya sa ta a juye.
Na sa ta a juye.

Na gyara. Na danna a hankali. Ta ƙi.
Na ƙara ƙarfi kaɗan, allon ya ranƙwafa,
sai na ji kukan akuyata a kunne,
irin wanda ta yi da aka ja igiyarta.
Na ɗage hannu.
Gumi na bin gwiwar hannuna yana neman inda zai ɗiga.

Mode ya leƙo ta taga, bakinsa duk mangwaro:
"Ke, mi kika tsoro? Danna shi!"
Wanda bai sayar da komai ba, bakinsa da sauƙi.

Na sa yatsa biyu a ƙarƙashi na tallafe,
na yi bisimilla,
na sauke nauyin kafaɗata.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce,
kamar an fasa gyaɗa a ɗaki na kusa.

Na jona, na latsa maɓalli.
Shiru.
Na sake latsawa. Na duba sama:
fankar ɗaki ma ta tsaya.
Nepa ta ɗauke tun ban sani ba.

Na yi la'asar ina kallon kwali.
Na yi magariba ina lissafin kuɗin akuya.
Bayan isha yaran layi suka kwashe da ihu,
ƙwai ya kama, na tashi da gudu.
Fanka ta juya a cikin akwatin,
gilashi kuwa baƙi ƙirin, ko ɗigo.

Na haska tocila lungu lungu.
Can a kusurwa, bayan ƙarfe mai tsini,
wani baki mai haƙora takwas a buɗe,
yana jira tun rana ba wanda ya ba shi.
An ciyar da gida, an manta mai gida.

Na kashe, na zare daga bango,
na cusa hannu inda hannu bai shiga.
Ƙarfen ya karɓi ladansa a bayan yatsana.
Ƙas na biyu.

Sai haruffa farare suka fito,
ba su san sunana ba, amma ni suka yi wa magana.

Inna ta shigo da kwanon tuwo,
ta dubi wayoyin, ta dubi jinin.
"Wagga ita ce akuyar, Luba?"
Na ce ita ce.
Ta kai tafinta bakin fanka,
ta daɗe iska na bugun zanen lallenta.
"To," ta ce, "tana dai numfashi.
Ci tuwonki."