Aikin Dare a Ngomeni

Ƙarfe biyu saura, teku ta ja da baya,
ta bar kwale-kwale kwance cikin laka.
Kadzo ta ɗora kofin shayi kan takarda,
ya zana zobe, ba ta kula ba.
A waje faifan ƙarfe yana juya wuya
kamar zalɓe mai sauraren kifi.
Tauraron ɗan'adam zai gifta.
Minti goma ne rabonta,
ya sauke kayansa ya wuce.

Kayan ba su da nauyi, lambobi ne.
Kowace lamba ƙwayar haske ce,
irin hasken da likita ke ratsa ƙirji da shi
ya ƙirga haƙarƙari.
Iskar duniya ba ta barin sa ya sauko,
sai an aika ɗan aike sama ya tare shi a hanya,
yana tsinta ɗai-ɗai
kamar mai fidda tsakuwa daga shinkafa.

Mai aiko da shi ba shi da sunan yanka,
sai haruffa uku da jerin lambobi.
Kwasar, in ji masana.
Sunan bai yi ƙarya ba:
baƙin rami ne a cibiyar garken taurari,
kwasar duk abin da ya matso yake yi.
Abin da zai faɗa sai ya yi ta kewaya baki,
ya ɗau zafi, ya yi kururuwa da haske
kafin a haɗiye shi.
Kururuwar ce Kadzo ke ƙirgawa.

Talata, ɗari huɗu da sha biyu.
Laraba, ɗari tara, har ta yi tafi ita kaɗai.
Daren nan, ɗari da sittin.

Ta ɗauki tocila ta fita.
Gishirin teku cin waya yake yi,
kuma mai hankali gidansa yake fara zargi
kafin ya zargi sama.
Ta bi wayoyin da yatsa har gindin faifai.
Lafiya lau. Ƙaguwa ɗaya ce ta tsere.

To, can ne ya dushe.
Ta san lissafin tun tana ɗaliba:
abin da ya sauya fuska cikin yini guda
faɗinsa bai wuce tafiyar haske ta yini guda ba.
Ɗan murhu ke nan, in an gwada da gidan da yake ciki,
amma ya dushe taurari dubu sau dubu sau dubu,
ga shi yau yana lumshe ido.

Mwarome, mahaifinta, da fitila yake kamun kifi.
Uwarta kan tsaya bakin ruwa da zane a kafaɗa
tana karanta ɗigon nan daga nesa.
In ya dushe, Kadzo ta riƙe mata hannu.
Sai ta ce, sake ni,
ƙila ya sunkuya ne yana jan koma,
ƙila igiyar ruwa ce ta shiga tsakani,
ƙila kananzir ne.
Daga nan ba a ganewa. A jira.

Ko wannan haka ne:
ƙila abincinsa ne ya ragu,
ƙila wani gajimare ya ratsa gabansa.
Kuma ko mene ne, ya faru ya ƙare
tun tekun nan ba ta san kifi ba,
labarin ne bai iso ba sai yanzu,
ya tarar da ita da shayi mai sanyi.

Ta tura lambobin Roma.
Ottavio bai yi barci ba shi ma,
ya rubuto: ya mutu ne?
Ta dubi zoben da kofi ya bari.
Ta rubuta: daga nan ba a ganewa.

Saura awa ɗaya da rabi ya sake giftawa.
Ta ɗora ruwa a wuta.
Can ƙasa teku ta fara dawowa,
kwale-kwalen farko ya motsa.